Me zan kira microplastic a rediyo?

Mai shirin muhalli: Assalamu alaikum. Gobe da safe zan gabatar da shiri kan illar microplastic ga zuciyar kifi, har yanzu ban samo masa suna ba. Gutsattsarin roba ne da ba su kai milimita 5 ba. A gwajin da ake yi da 'ya'yan kifin zebra, waɗanda jikinsu garau yake har ana hango zuciya tana bugawa, an ga bugun ya sauya, ruwa kuma ya taru a jakar da ta lulluɓe zuciyar. So nake masunci ya gane da ji ɗaya.

Malamar kimiyya: Wa'alaikumus salam. Burbushin roba. Da shi nake koyarwa.

Ɗan Yawuri: Malama, garin roba fa?

Malamar kimiyya: Gari niƙa shi ake yi. Wannan rana da ruwa ne ke cin leda har ta ruguje, wani zare ne da ke fita daga tufafin roba wajen wanki, wani daga gogar taya a kan kwalta. Manyansa sun kai ƙwayar dawa.

Tsohon mai fassara: Duk kun tafi a kan roba, alhali aro ce. Muna da danƙo. Ni diddigar danƙo na daɗe ina rubutawa.

Ɗan Yawuri: Baba, da girmanka, in aka ce danƙo a bakin kogi ba wanda zai tuna da ledar fiyawata.

Tsohon mai fassara: Haka muka saki kalmominmu ɗaya bayan ɗaya. Turawan ma a 2004 Richard Thompson na Jami'ar Plymouth ya yaɗa tasu, aka saba da ita. Mu me ya hana mu?

Malamar kimiyya: Baba, harshen da ya ari sabulu da mota bai ƙasƙanta ba. Kakata roba take cewa.

Ɗan Yawuri: Ni damuwata daban ce. A wurinmu roba bokiti ce ko kwano, leda kuwa leda ce. Na sha yanka tarwaɗa in tarar da guntun baƙar leda a cikinta. In ba a ambaci leda ba, masunci zai ce ba da shi ake ba.

Mai shirin muhalli: Wannan ta shige ni. Zan buɗe da "burbushin roba da leda", daga baya in taƙaita. Waɗanda ido ba ya gani fa?

Malamar kimiyya: Ƙurar roba, kafin a samu wadda ta fi.

Tsohon mai fassara: Burbushi dai Hausa ce, na yarda da rabin. Ka ambaci danƙo ko sau ɗaya ne, ɗana.