Tashar nukiliya tana tsufa ko da an kashe ta

A wata tattaunawa kan kula da tashar nukiliyar da aka kashe na dogon lokaci, abin da aka fi nanatawa shi ne, kar wani ya ɗauka tunda an kashe tasha shikenan ta huta. Tsatsa ba ta hutu. Japan ta dakatar da tashoshinta bayan haɗarin tashar Fukushima a 2011, sai 2015 tashar Sendai ta dawo aiki, tashar Browns Ferry 1 a Amurka kuwa daga 1985 har 2007 tana tsaye, to ka ga ba ƙaramin zama ba ne.

Maganar ruwa ta fi ɗaukar lokaci, kuma gaskiya ta cancanta. Ruwan da ya kwanta a bututu shi ke jawo ƙwayoyin halittar da ke cin ƙarfe, don haka ko dai a zubar da shi kakaf a riƙa hura busasshiyar iska ana auna danshi, ko a cika shi taf da ruwan da aka cire wa iskar oksijin aka sa masa sinadarai, amma barin bututu rabi ruwa rabi iska kam shi ne mafi muni.

Famfuna da tarbain, wato injin da tururi ke juyawa don samar da wuta, a dinga juya su lokaci lokaci, a duba giris da robobi da wayoyi, janareton dizal na gaggawa kuma a riƙa tayar da shi, saboda tafkin ruwan da ake ajiye tsohon makamashin nukiliya a ciki dole ya ci gaba da samun sanyi ko da wuta ta ɗauke.

Wanda ya fi damuna ni shi ne batun mutane, ƙwararru suna ritaya suna tafiya da iliminsu. Shawara dai a rubuta komai tun ranar da aka kashe tashar, kuma kar a yanke kuɗin kulawa.