Neman kalmar Hausa: me za mu kira gwajin "kwamfireshan" na injin ƙaramin jirgin sama?

Makanikan mota sun daɗe da kalmar kwamfireshan, kuma mafi yawan masu fassara za su ce "gwajin matsi" su wuce. Ina ganin wannan fassara ba ta dace da gwajin da ake yi wa injinan ƙananan jiragen sama na kamfanonin Lycoming da Continental ba, domin aikin ba ɗaya ba ne. A mota, juya injin ake yi a ga iyakar matsin da fistin zai tara. A ƙaramin jirgi kuwa, ana cire fulogi ɗaya, a kai fistin ƙarshen hawansa lokacin da bawul biyu suke rufe, wani ya riƙe farfela gam don kada ta juya ta ji wa mutum rauni, sannan a hura iska mai ƙarfin psi 80 (psi ma'aunin matsin iska ne) ta wata 'yar ƙofa mai ƙayyadadden faɗi. Geji na farko yana nuna abin da aka hura, na biyu yana nuna abin da silinda ta iya riƙewa, shi ya sa ake rubuta sakamako kamar 72/80, wato silinda ta riƙe 72 cikin 80 da aka hura.

Saboda haka shawarata ita ce "gwajin riƙon iska". Wani abokin aiki ya kawo "gwajin yoyo", amma kunnen Bahaushe ruwa ko mai yake ji a kalmar yoyo. Iskar da ta tsere kuma muna da kalmarta tun a bakin masu faci, waɗanda kan ce taya ta sace, don haka sai mu kira aibin da kansa "sacewa".

Amfanin wannan suna shi ne yana sa makaniki ya tambayi inda iskar take sacewa, wanda ya fi lambar muhimmanci. Idan aka ji huci a salansa, bawul ɗin fitar da hayaƙi ne ake zargi, kuma shi ne abin tsoro, domin ƙonewarsa ƙaruwa take yi. Huci ta wajen kafireta na nuna bawul ɗin shigar iska, na bakin zuba baƙin mai kuwa ringi ne, wanda sau da yawa yakan gyaru idan aka tayar da injin ya yi zafi aka sake gwadawa.

Ko lambar ma ba a haɗu a kanta ba. Jagorar FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, tana ɗaukar asarar da ta wuce kashi 25 cikin ɗari, wato ƙasa da 60/80, a matsayin abin tuhuma, amma tun 2003 kamfanin Continental ya ce a auna iyakar a ranar gwajin da wata ma'auniya ta musamman, iyakar da takan sauka ƙasa da 50, sannan a leƙa cikin silindar da ƙaramar kyamara kafin a yanke hukuncin cire ta.

Zan so jin ra'ayin waɗanda suka koyi gyaran jirgi a kwalejin koyon aikin jirgin sama ta Zariya, ko "riƙon iska" ya zauna a bakinsu.