Neman shawara: muna son hawa Dutsen Shere mu sauko a yini ɗaya

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu 14 ne daga Bauchi, har da mata 5, da wani yayanmu da ya haura shekara 50, da ƙanwarmu mai asma. Muna so mu hau Dutsen Shere da ke Jos a hutun ƙarshen Disamba, mu kai ƙololuwa, mu koma gida a ranar. Shirinmu mu bar Bauchi da ƙarfe 8 na safe. Babu wanda ya taɓa hawa a cikinmu. Me za mu riƙe, kuma me ya kamata mu kiyaye?

Ɗan Tudu:
Wa alaikumus salam. Malam, fara gyara lokacin tashi. Bauchi zuwa Jos tafiyar wajen awa 2 ce, kafin ku taru, ku karya, ku isa gindin dutsen ta wajen Lamingo, 11 ta yi, ke nan a tsakiyar rana za ku yi hawan. Ku kwana a Jos, ko ku fito da an sallame asuba, ƙarfe 8 ta same ku kuna kan hanyar hawa.

Ga lissafin. Garin Jos yana kan tudun da ya haura mita 1,200 daga matakin teku, ƙololuwar Shere kuwa wajen mita 1,829. Masu hawan dutse suna ware awa 1 ga kowane kilomita 5 na tafiya, su ƙara awa 1 ga kowane mita 600 na hawa. Wannan na ƙwararre ne da ba ya tsayawa. Ayarin sababbin shiga kamar naku, ku ninka shi biyu, don Shere ba tudu ɗaya ba ne da za a miƙe a hau. Jerin duwatsu ne, a hau a gangara, a ratsa tsakanin manyan duwatsu, wani wurin sai an sa hannu.

Tun a ƙasa ku yanke lokacin juyawa: ƙarfe 1 na rana, an kai ko ba a kai ba. A Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6, kuma saukowa kan ci lokaci kamar hawa.

Hajiya Babba:
Ɗana, in don kallo za ku je, Disamba ba ta cika ba da haɗin kai ba. Hazon hunturu yakan rufe ko'ina, a sha wahala a kai sama, garin Jos da madatsun ruwan da ke ƙasa duk su zama fari fat. Ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba ya fi: damina ta ɗauke, ƙura ba ta sauko ba, ciyawa da sauran korenta. In ba yadda za a yi sai Disamba, ku duba sama kwana biyu kafin ranar, don hazon yana zuwa yana lafawa. Kowa kuma ya riƙe rigar sanyi. Iskar sama tana kaɗa rigar da ta jiƙe da gumi, mutum ya kama rawar ɗari da zarar ya zauna.

Ɗan Tudu:
Gaskiyar Hajiya ce. Amma Disamba ta fi Agusta sau goma. Da damina falalen dutse yana yin gansakuka, santsinsa kamar an zuba kuka, ga aradu da ke neman wuri mafi tsawo.

Malamar Jinya:
Bari in yi maganar jiki. Ruwa lita 3 ga kowane mutum, wato ruwan leda 6, amma a juye a gora, don leda tana fashewa a jaka. A riƙa kurɓa duk bayan minti 20, kada a jira ƙishi. Sanyin hunturu yana ruɗi, mutum ba ya jin yana zufa alhali busasshiyar iska tana tsotse shi, sai ciwon kai da jiri da ɗaurewar tsoka. Ku tafi da gishirin ORS na sacet. In babu, lita 1 ta ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Ƙanwarku ta sa abin shaƙarta a aljihunta, kada ya zauna a jakar wanda ya yi gaba. Ƙura da iska mai sanyi da haki, ukun nan duk suna tayar da asma. Yayanku a auna jininsa kafin ranar. Ku kuma tambaya a asirce ko akwai mai sikila a cikinku, don sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da wahala suna tayar da ciwon, sai likita ya amince zai hau.

A jaka ɗaya a sa bandeji mai talewa guda 2 saboda targaɗe, filasta, da farasitamol. In maciji ya sari wani, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A cire zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, yana nan Lamingo kusa da ku.

Baban Yara:
Ku nemi ɗan jagora daga mutanen wurin, Afizere ne mazauna gindin dutsen, ko ku tuntuɓi Cibiyar Horar da Shugabanci da ke Shere tun kafin ranar. Hanyoyin awaki da na masu itace sun yi yawa, duk kamarsu ɗaya a wajen saukowa. Ku gaida mai unguwa, ku tambayi halin tsaro na makon, ku faɗi lokacin da za ku dawo.

Tsarin tafiya: jagora a gaba, mafi rauni a bayansa, mai ƙarfi ɗaya a ƙarshe wanda ba wanda zai bari a bayansa. Samari sukan ruga su zauna su huta, na baya yana isowa su miƙe, shi bai huta ba. Haka ake karya mutum. Hutu yana farawa ne daga isowar na ƙarshe. A ƙirga kawuna a kowace tsayawa. In wani ya gaza, mutum 2 su zauna ko su sauka da shi.

A gangara ake yawan jin ciwo, ƙafa ta gaji, hankali ya koma gida. Gajeren taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe, tazarar taku 3 tsakanin mutane saboda dutsen da wani zai gangaro. Kada a tura hannu a kogon da ba a ga cikinsa ba. A bar turare a gida saboda ƙudan zuma, kuma kada a kunna wuta, busasshiyar ciyawa ce ko'ina.

Hajiya Babba:
Ga matan: kambas mai gargadar ƙasa da safa mai kauri, ba silifas ba, ba kuma sabon takalmi ba, don yana yin bororo. Wando mai faɗi, riga zuwa gwiwa, hijabi iya ƙugu. Abaya tana harɗe ƙafa, ana taka bakinta a hawa. Jakar goyo ce ta dace, hannu biyu su zama a sake. Guzuri dabino, gyaɗa, ayaba, burodi da dafaffen ƙwai. Kilishi a bar shi sai an sauko, ƙishi yake sawa. Shara duk a dawo da ita.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, iyayena da yayyena. Za mu kwana a Jos. Saura sallar azahar, da batun waya, ko akwai sabis a sama?

Baban Yara:
Amin. Ku yi alwala a ƙasa, ku kuma ware gora 2 daban don wanda tasa ta karye, kada a taɓa ruwan sha. Sabis yana samuwa a kan tudu, yana ɗaukewa a kwazazzabai, kuma neman sa yana cinye caji. Waya 2 a kashe su a ajiye a cike, a riƙe tocila 3 da usur a wuyan na gaba da na ƙarshe. Ku bar wa direba lambar ɗan jagora, ku ce masa in ƙarfe 5 ta yi bai gan ku ba ya sanar da mai unguwa.