Yaya zan sa yara masu shiru su buɗe baki a wasan rukuni?

Assalamu alaikum malamai da iyaye. Ina koyar da 'yan shekara 3 zuwa 4 a ajin naziri. Muna yin tatsuniya, kacici-kacici da waƙoƙin gaɗa, amma masu surutu ne kullum ke amsa "Ta zo mu ji ta", sauran sai kallo.

Na gwada zagayawa da 'yar tsana a tsakaninsu, wanda ta zo hannunsa shi zai yi magana. Masu kunya sai su miƙa ta gaba da sauri. Wani yaro ma har yanzu kalma ɗaya-ɗaya yake faɗa, kuma abin yana damuna ƙwarai. Na ba mahaifiyarsa shawarar a gwada jinsa a asibiti.

Wane wasa kuka gwada ya yi aiki? Ko in raba su rukuni-rukuni na mutum huɗu? Don Allah ku taimaka.