Yarana ba sa cin ganye: in markaɗa in ɓoye, ko in ba su a fili?

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. 'Yan biyuna shekararsu 3. Mun je asibiti an ce jinin Usaina ya yi ƙasa, a yawaita mata ganye. To ko ɗigon kore ta gani a shinkafa sai ta ture kwanon. Na kwashi adashi dubu 20. In sayi blanda in riƙa markaɗa alayyafo cikin miya, ko in riƙa ajiye musu a gefe har su saba? Ku lura, gyaɗa tana kumbura wa Hassana leɓe, kuma ba mu da firij.

Uwargidan Zariya: Wa alaikumus salam. Kwaɗon zogale mana! Ki tafasa, ki matse ruwan, ki zuba ƙuliƙuli da yawa da tumatir da albasa. Nawa har lashe kwano suke yi.

Nas a Katsina: Hajiya, ai ta ce gyaɗa ba ta karɓi yarinyar ba, ƙuliƙuli kuwa gyaɗa ce. Maman 'Yan Biyu, turara kabewa ki dame da cokali ɗaya na manja, zaƙinta ke jan yara. Karas ki yanka dogo-dogo kamar yatsa, ki turara har ya yi laushi, su ɗauka da hannunsu. Kada ki sa kanwa a alayyafo, tana kashe bitamin C. In kin sauke ki ɗiga lemon tsami, yana taimaka wa jiki jan sinadarin ƙarfe. Hanta da wake ma su shiga, ganye kaɗai ba zai ɗaga jini ba.

Ummu Sadik: Ni dai in na ji an ce ganye gabana faɗuwa yake. Bara na sayi latas da kabeji a bakin titi, na ɗauraye sau ɗaya na yi wa Sadik kwaɗo, ina murna ya cinye. Tsakar dare ya fara amai da gudawa. Kafin asuba idanunsa sun zurma, in kin ja fatar cikinsa ba ta komawa. Kwana huɗu muna kwance ana ƙarin ruwa. Abin da ya fi ci mini rai, uwar mijina a gaban mutane ta ce son boko ne ya sa na ba yaro ciyawa. Har yau ba ta daina gori ba, ko tari ya yi sai ta tuna mini latas.

Maman Ilham: Allah sarki, Allah ya ƙara masa lafiya. A nan Kano wasu lambunan da gurɓataccen ruwan kogin Jakara ake ba su. Ɗanyen ganye ban ba yaro.

Uwargidan Zariya: Mu da kakanninmu suka raina da rama da yakuwa, wa ya taɓa kwanciya? Ba sai nas ta koya mini kwaɗo ba, 'ya'ya bakwai na yaye.

Nas a Katsina: Allah ya raya su Hajiya. Amma ramar kaka dafaffiya ce, daga gonar gida aka tsinko.

Baban Walid: Ku yi haƙuri da kutse, iyaye mata. Ni da furfurata har yau tsince kabeji nake ina turawa ƙarƙashin shinkafa, Walid ne ke kai ƙarata wurin babarsa.

Maman Ilham: Blanda dubu 18 na saya a Sabon Gari.

Anti Mai Ɗinki: Wace shekarar? Wancan watan dubu 35 aka ce mini, kuma wutar da za ta juya ta fa? Turmi ya ishe ki. Alayyafo na ɗari biyu a kasuwar 'Yankaba sai ya yi miki kwana biyu in kin yayyafa ruwa kin rufe da tsumma.

Ummu Sadik: Ɗari biyu? A unguwarmu na ɗari biyar bai cika tafin hannu ba. Kuɗin cefanen da ake ajiye mini bai canza ba tun kafin a cire tallafin mai a 2023.

Maman 'Yan Biyu: Na gode ƙwarai. Kabewar zan gwada gobe. To blandar fa, in saya?

Anti Mai Ɗinki: Ummu Sadik kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Nawa mijin ya ajiye dubu biyu da safe, da daddare ya buɗe kwano yana tambayar ina nama. Ku nawa ake ba ku?