Bato ya iso Lome amma wai bai shiga por ba, mine ne gaskiya?

Ɗan_Ader:
Salamu alaikum jama'a. Masu sanin harkar teku ku taimaka min don Allah. Ina da kontena guda na karo daga Sin, tiranzite na (mai fiddo min kaya daga duwan) ya ce bato, wato jirgin ruwan, ya iso Lome tun ran Talata amma yau Asabar bai shiga por, tashar jiragen ruwa, ba, wai yana jiran izini. Izinin mi kuma? Yarona ya sa min MarineTraffic, manhajar da ke nuna inda batoci suke, a waya muna bin baton, sai ya ɓace sam har kwanaki, yanzu kuma ga shi tsaye wuri guda kamar jakin da ya ƙi tahiya. Ni ina nan Tawa, teku a tele kaɗai na santa. Kar dai a ce ana ci da gumina.

Matelo227:
Wa alaikumus salam Alhaji, kwantar da hankalinka, na yi aiki cikin bato shekaru. Bato ba kamyo ba ne da zai danno kai tasha ya yi hon. Tun yana nesa komanda ke aika wa por da wakilin kamfani lokacin isowarshi, galibi saura awa 72, sannan 48, sannan 24, ya faɗi mi ya ɗauko, akwai kaya masu haɗari ko babu, mutum nawa ke ciki, akwai marar lafiya, mita nawa cikin baton ya nutse a ruwa, kuma tun da dokar tsaro ta ISPS ta fara aiki a 2004 har tashoshi 10 na baya da ya tsaya sai an lissafa. Ya iso ya kira por a rediyo VHF, in babu gurbi su ce saki anga ka jira layi. Ko gurbi ya samu ba ya shiga da kanshi, sai pilot na por, mai yi wa bato jagorar shiga, ya zo cikin ƙaramin jirgi ya hau tsanin igiya. Wallahi na ga dattijo mai furfura yana hawan tsanin nan cikin dare, ruwa na cilla jirginshi sama da ƙasa, ni da ke riƙe da fitila gabana ke faɗuwa.

Ɓacewar kuma ba komi ba ce. Na'urar AIS, wadda ke watsa inda bato yake, dole ce ga bato mai tan 300 zuwa sama da ke ƙetare ƙasashe, amma abin da kuke kallo kyauta eriyoyin bakin gaɓa ke kamo shi, ya yi nisa cikin ruwa shiru kake ji. Komanda ma yana iya kashe ta in yana tsoron 'yan fashin teku. Amma ko ya kashe ba a duhu yake ba, a mashigin Gini tun 2016 akwai cibiyar MDAT-GoG ta sojan ruwan Faransa da Ingila da batoci ke sanar wa inda suke. Hanyar ma tun kahin a kwance igiya a Sin ofisa na biyu ya zana ta kan taswira, daga gurbi zuwa gurbi, komanda ya sa hannu.

Hajiyar_Wadata:
Alhaji jiran anga sauƙi ne, kuɗinka ba ya ƙonewa tukuna. Ran da aka sauke kontena can lissahi ke farawa, kwanakin kyauta na ƙarewa tara ta hau. Ka karɓi lambar BL, wato takardar shaidar loda kayanka cikin bato, hannun tiranzite ka duba da kanka a shafin kamfanin baton. Ni bara a nan Yamai wani ya yi ta ce min bato bai shigo ba alhali kayana sun yi sati a ƙasa.

Ɗan_Ader:
Na gode Malam Matelo, Allah ya saka. Hajiya kin tada min hankali kuma, BL ɗin na hannunshi, bari in buga mishi yanzu kahin la'asar.