Taƙaitawa: Yadda Za a Ci Moriyar Zafin Murhun Itace Lokacin Hunturu

Daren jiya muna jin ɗumi a zaure sai hira ta faɗa kan murhu, ga abin da na tsinto.

Inda baki ya zo ɗaya shi ne bushewar itace. Ɗanyen itace yakan ɓata wani kaso na ƙarfinsa wajen ƙone ruwan jikinsa. Za ka ji yana tsuwa, kumfa na fita ta bakinsa, hayaƙi ya cika ido. Dattijon cikinmu ya ce a faskara shi tun kaka, a jera a kan duwatsu inda rana da iska za su ratsa. In ka gwara guda biyu suka yi ƙara tas, ya bushe. Marke da ƙirya ne suka fi samun yabo, don garwashinsu yana daɗewa. Karan dawa na kunnawa ne kawai.

Sai iska. Kada a cusa itace dam, a bar wa wuta wurin numfashi, a rage toka in ta toshe ƙasa. Wata inna ta ce murhun laka ya fi duwatsu uku nesa ba kusa ba, domin yana tare iskar hunturu, kuma jikinsa na riƙe zafi bayan wuta ta mutu. Na yarda da ita, na gani a gidanmu.

Abin da ya fi damuna shi ne masu shiga ɗaki da kaskon garwashi su rufe ƙofa da taga. Gubar da yake fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. A bar taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta.